Rantsuwar Baffa da Jirgin Yunanawa

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, kowane benci a Jibiya kotu ne. Mai shayi alƙali, mai faci lauya, wanda ya zo shan inuwa kuma shaida. Ba a tashi daga hira sai an yanke wa wani abu hukunci, ko da kazar maƙwabci ce ta shiga shanyar gero. A daidai lokacin na dawo daga jami'a, kaina cike da falsafar mutanen Girka na dā, waɗanda malamanmu na zaure ke kira Yunanawa. Ina koyarwa a sakandare, ina kuma mutuwar son aure. Auren nan ne ya kusa kuɓuce mini saboda wata tsohuwar mota.

Motar ta Baba ce. Direban haya ne, Jibiya zuwa Maraɗi, Maraɗi zuwa Jibiya, tun ban san dama da hagu ba. Doguwa ce mai kujeru layi uku, irin wadda direbobin iyaka suka saba da ita, kuma ba ta tashi da safe sai an lallashe ta da turi. Fasinjoji sun san halinta. Kowa na gudun wurin da ke bayan kujerar gaba, don kujerar a can baya take, ba ta motsi, duk wanda ya zauna a bayanta sai ya sauka yana ɗingishi. In an yi ƙorafi, Baba ya ce, "Haƙuri dai, an kusa."

Baba yana da wa guda ɗaya, Baffa, manomi a Magama, dogo ne har sai ya sunkuya zai shiga zaurenmu. A dā duk inda motar za ta, in dai Baffa na da buƙata, gaba wurinsa ne. Wata rana suna dawowa daga Maraɗi, sun iso shingen kan iyaka na wajenmu, wani babban jami'i ya ce a rage masa hanya zuwa cikin gari. Baba kullum ta shingen nan yake bi, ya ji ba zai iya cewa a'a ba. Ya juya ya ce, "Yaya, ka ɗan koma baya." Baffa ya koma layin ƙarshe, inda aka ɗaure wani rago a bayan kujera. Kafin a kai tasha ragon ya tauna masa wuyan babbar rigarsa ta Salla, aiki da komai. Da aka tsaya 'yan tasha suka gani, suka bushe da dariya, har da masu riƙe ciki. Nan Baffa ya tsaya a gaban jama'a ya ce, "Wallahi tallahi, ƙafata ba ta ƙara taka motar nan."

Ina yaro aka yi wannan. Baba ya aika dattawa, Baffa ya ce ya yafe, kuma da gaske ya yafe, don suna gaisawa, suna cin tuwon Salla a akushi ɗaya. Amma mota, a'a. Ya hau jaki, ya hau kabu-kabu, ya hau bayan motar itace, ta ƙanensa kuwa ko jingina da ita ba ya yi. In aka ce masa ya yi kaffara ya huta, sai ya ce shi ba ya rantsuwa ya lashe. Da Shari'a ta zo abin ya ƙara tauri. "Yanzu da gari ya gyaru," in ji shi, "ni zan buɗe fage da karya rantsuwa?"

To, wadda nake so malamar lekwal ce a Maraɗi, wato makarantar boko a bakin mutanen can. Mushe take ce mini, yadda suke kiran malamin makaranta, kuma in ta faɗa sai in ji kamar an ƙara mini girma a wurin aiki. Mahaifinta tsohon direban babbar mota ne, ya san Baba, ya san labarin rago, kamar yadda duk mai riƙe sitiyari tsakanin garuruwan biyu ya sani. A wurinmu uba ba ya nema wa ɗansa aure da kansa, ɗan'uwansa ne ke zuwa da goro ya yi magana. Da na aika a ji ta bakinsa, ga amsar da ta dawo: wan ubana ya taho, kuma a motar ubana. Shi ba ya ba da ɗiya gidan da wa da ƙane ba su zama mota guda.

Na je na same ta a ƙofar makarantarsu, na ce ko za ta sa baki. Ta ce, "Mushe, ni dai kai nike so, amma babana ba ya magana biyu. Kuma ka sani, akwai wani jandarma da ya fara gaishe shi safe da yamma." Na dawo gida zuciyata a jagule. Kai, ban taɓa jin haushin dabba irin yadda na ji haushin ragon nan ba, ragon da aka cinye tun ina ɗan firamare.

Dabara ta zo mini a garejin bakaniken Baba, ina zaune ina kallon ana sauya wa motar wani ƙarfe a ƙasa. Sai na tuna wani darasi da aka yi mana a jami'a. Wai a wani birni na Yunanawa akwai tsohon jirgin ruwa da suke girmamawa. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, a hankali a hankali har ba sauran katako ɗaya na asali. Masanansu suka rabu biyu: wasu suka ce jirgin nan dai shi ne, wasu suka ce wani ne daban ya gaji sunan. Na miƙe tsaye ban sani ba. Na ce wa bakanike, "Don Allah, me ya rage a motar nan wanda ba a taɓa canjawa ba?"

Ya fara lissafa mini yana goge hannu. Inji an sauya ya fi sau ɗaya. Giya, tayoyi, gilasai, ƙofofi, tanki, fitilu, duk baƙi ne. Hatta gangar jikin, bayan da wata saniya ta gitta wa Baba a hanyar Daddara, an ɗauko ta wata mota aka ɗora. Ya nuna mini tsohuwar gangar a bayan gareji, ta yi tsatsa, kajin matarsa na ƙwai a ciki. Na tsaya ina kallon kajin nan kamar na ga dangina. Ban jira ya gama lissafi ba na fice, kujeru kuwa ko tambaya ban yi ba, tun da na san Inna ta ɗinka musu sababbin riguna.

Na fara gwada maganar a gida. Inna ta saurare ni har ƙarshe tana tankaɗe, sannan ta ce, "Kai da Yunanawanka, je ka ci tuwo." Baba ya yi murmushi kawai, ya ce in gwada sa'ata.

Wanda Baffa ke jin maganarsa a duniya aminin ƙuruciyarsa ne, Malam, mai karantar da fiƙihu a zaure, wanda ke zama da la'asar a gindin wani bedi kusa da shingen kan iyaka. Tsoronsa nake ji. A lokacin in ka ce falsafa, wasu sai su matsa gefe kamar ka ce kana da ƙyanda. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar na furta sunan Yunanawa. Sai ya kwashe da dariya. "Yunanawa? Ai tsofaffin maƙwabtanmu ne a cikin littafi. Da wa kake tsammani muka karanci manɗiƙi, ilmin kafa hujja? Kawo su, mu ji abin da suka zo da shi."

Ranar da aka sa, bayan sallar la'asar, gindin bedin nan ya cika. Baba ya ajiye motar a gefe ya zauna a tabarma. Baffa ya zo da sandarsa, ya zauna ya ba motar baya. Mai shayi ya matso da bencinsa. Akwai wani jami'in shingen, Kirista ne daga wajen Filato, ya daɗe a Jibiya har Hausarsa ta koma ta Katsinawa, abokin wasan Baba ne, shi ma ya jawo kujera. Wani dattijon makiyayi da ya zo tsallaka da shanunsa ya ga taro, ya tsuguna.

Na tashi na zuba. Na ba su labarin jirgi. Na ce wani daga cikin masanan nan yana ganin ba abin da ke tsaye a duniya, komai gudu yake, har ya kafa misali da kogi, cewa ruwan da ka taka ɗazu ya wuce, wanda za ka taka yanzu wani ne. Na ce to motar da Baffa ya rantse a kanta ta wuce kamar ruwan nan. In ana neman abin da ya saura daga gare ta, yana bayan gareji, kaji na kwana a ciki, kuma ba wanda ya ce Baffa ya shiga can.

Aka yi dariya, Baffa ma na ga kafaɗarsa ta motsa. Mai shayi ya ce gaskiyata, don shi ma butarsa ya sauya mata marfi da hannu da gindi, kuma tun daga nan shayin bai ƙara daɗin dā ba. Makiyayin ya girgiza kai. Ya ce garken da yake kora na mahaifinsa ne, alhali ba saniya ɗaya a ciki da mahaifin ya taɓa gani da idonsa, amma kowa a daji ya san garken wane ne. Ban shirya wa wannan ba. Jami'in nan kuma ya gyara hula ya ce wa Baba, "Direba, in dai sabuwar mota ce, gobe ka kawo ta ofis mu yi mata shigowa, don ni ban ga ranar da ta tsallako ba." Baba ya ce, "Oga, rufa mini asiri, ni ban ce komai ba, ɗan boko ne ke magana."

Malam ya bari aka lafa, sannan ya dube ni. Ya ce ai Yunanawan ba bakinsu ɗaya ba. Akwai wanda ya ce sauyin da ido ke gani ruɗi ne, ainihin abu ba ya motsi. Akwai wanda ya ce abin da muke taɓawa inuwa ce kawai, haƙiƙar tana inda hankali ne kaɗai ke kaiwa. Akwai kuma almajirinsa da ya ce a dubi abin da aka yi abu da shi, a dubi sifarsa, a dubi aikin da aka yi shi dominsa, kuma in aka bi ta nan, ƙarfe ya sauya amma sifa da aiki suna nan. "To kai wanne kake bi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, yau dai mai kogi nake bi."

Ya ce, "Na sani. Shi kaɗai ne kogin nasa ya bi ta Maraɗi."

Wallahi har ni sai da na yi dariya, ga gumi na zubo mini. Malam ya juya wurin amininsa ya ce a fiƙihu rantsuwa tana bin niyyar mai ita, saboda haka ya faɗa, ranar nan da ƙarfe ya yi fushi ko da mai ƙarfen? Baffa ya sunkuyar da kai. Ya yi ta zane a ƙasa da sandarsa. Can ya ɗago ya ce, "Ni ban san wani kogi ba. Amma in Auta ya tabbatar mini a gaban jama'a cewa ba sauran abu ko ɗaya a motar nan na wancan lokaci, to rantsuwata tana wurin kaji, sai in shiga."

Auta yake kiran Baba, har da furfurarsa. Na gane a take cewa Baffa ya gaji da rantsuwar nan, ƙofa yake nema wadda zai fita ba tare da ya sunkuya ba, kuma ga shi na buɗe masa. Daɗi ya kama ni. Na fara ganin kaina da babbar riga. Kalma ɗaya ta rage, Baba ya ce e.

Baba ya dubi motar. Malam ya ce, "Direba, kai muke saurare." Baba ya yi ta murza makullin mota a hannu. Sannan ya ce, "Akwai saura. Kujerar gaba ba a canja ta ba."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce, "Haba Baba! To ai da sauƙi, bakanike na da wata, yanzu-yanzu sai a cire a sa."

Ya ce, "Ba mai taɓa ta."

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Ya ƙi duban kowa, ya dubi tabarma ya ci gaba. Ya ce ranar da ya sayi motar, Yaya ne ya fara shiga, ƙafafunsa suka ƙi samun wuri. Suka je wurin mai walda, Yaya na zaune aka ja kujerar baya har ya miƙe ƙafa ya ce ya isa, aka like ta a nan. Da aka sauya gangar jiki, shi da kansa ya ɗauko kujerar ya sa aka sake like ta daidai wurin. "Fasinja sun zage ni a kanta, bakanike ya yi mini magana har ya gaji. Na ce a bar ta. In Yaya ya huce wata rana, kada ya zo ya tarar wurinsa ya ƙanƙance."

Ni da na zo da jirgi da kogi, na tsaya baki buɗe, na manta ma da auren. Tun ina yaro nake jin "Haƙuri dai, an kusa," ban taɓa tambayar me aka kusa ba.

Baffa ya dogara sanda ya miƙe. Ya juya ya fuskanci motar, abin da bai yi ba tun zuwansa. Ya buɗe ƙofar gaba, ya ɗage rigar da Inna ta ɗinka, ya ga tsohuwar fatar da ta tsattsage, ya sunkuya ya shafa waldar. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, faɗa ya fara. "Kai dai Auta ba ka da wayo, tun kana yaro. Shekara da shekaru kana karya gwiwoyin bayin Allah saboda ni? Alhakinsu wa zai ɗauka?" Ya ja hanci, ya ce wa mai shayi hayaƙin murhunsa ya yi yawa. Sannan ya juya. "Malam, mutum nawa ake ciyarwa?"

Malam ya ce, "Goma. Ka sani sarai, tun gemunka na baƙi nike gaya maka."

Washegari aka ɗora tukunya a gidan Baffa a Magama. An nemo mabukata goma aka fara sallamarsu yadda ya kamata, amma Baffa ya ce tun da za a karya rantsuwa, a karya ta da kyau. Aka yi shinkafa da wake tuli, aka yanka rago, ya ce da gangan ya zaɓi rago. Makiyayin nan ya aiko da ƙwaryar nono. Jami'in shinge ya zo da matarsa, ya ci har ya sassauta bel. Inna ta yi ta kai da kawo tana guɗa, ta wuce ta gabana ta ce, "Ashe Yunanawan naka suna da ɗan amfani." Na ce ai ba su ne suka yi ba. Ta ce, "Su suka tono, ka bar musu ladansu."

Ranar tafiya ban bi su ba, don saurayi ba ya zuwa neman aurensa. Na raka su iyakar shinge. Baffa na gaba da sabuwar riga, ƙafafu a miƙe, gwiwar hannu a kan taga, ƙwaryar goro a cinya. Malam da wasu dattawa biyu na baya. Jami'in nan ya fito daga rumfarsa da fuska a murtuke, ya zagaya motar, ya leƙa ta tagar direba ya ce, "Direba, a rage mini hanya mana. Amma ni gaba nake zama."

Baba ya ce, "Oga, gaba da mai ita. In za ka, ga baya."

Baffa ya yi dariya har hularsa ta faɗo, jami'in ya sara masa, ya ɗaga ƙarfen shinge da hannunsa. Suka wuce, motar na tari, na bi ta da ido har ta shige wajen 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar.

Na wuni a bencin mai shayi. Na sha shayin da ban san adadinsa ba, duk motar da ta ɓullo daga arewa sai in miƙe. Mai shayi ya yi ta zolayata, wai in tambayi mai kogi ko motar da za ta dawo ita ce wadda ta tafi. Na ce ya ƙyale ni da ciwon cikina. Rana ta yi sanyi, shanu sun fara komawa, sai na jiyo tarin motar da na sani tun ina goye. Tun daga nesa na hango dogon hannu ta tagar gaba yana kaɗa hula. Ba su ƙaraso ba Baffa ya turo kai waje, dattijo da shi, ya ƙwala ihu yadda duk shingen ya ji: "An ba mu!"

Daga baya Malam ya ba ni labarin cewa surukina bai jira an shiga zaure ba. Ya fito ƙofar gida, ya ga wanda ya sauko daga kujerar gaba, ya ce magana ta ƙare, sauran ta goro ce.

A nan shingen aka matsa mini na shiga motar, kuma wurin da ya rage shi ne bayan kujerar Baffa. Gwiwoyina suka haɗu da ƙarfe, ban yi ƙorafi ba. Baffa ya miƙo mini goro biyu ta kan kafaɗa ya ce, "Ungo, ɗan boko. Ɗaya naka, ɗaya ka kai wa Yunanawa." Baba yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan bayan kujerar Yayansa, bai ɗauke ba har muka shiga gari.